Ajiyar Mai Hayaƙi

A ƙasan adakar Baba, in aka ɗauke rigunan salla da tsohon farminsa na tuƙi da takardun aikin da ya bari tun kafin a haife ni, akwai wani ɗan akwatin katako naɗe cikin tsohon rawani. A gidanmu sunansa akwatin Mai Hayaƙi. Sau ɗaya ake fito da shi a shekara, in damina ta ɗauke, ranar da ake shanyar kayan adaka don kada su yi fumfuna. Baba kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya baje riguna, sannan ya buɗe akwatin ya jera abin da ke ciki a rana: kara tara na wata irin taba, kowane ya kai kaurin babban yatsa, launin ƙasa-ƙasa, da ɗan zoben jar takarda a wuyansa. Aikina a ranar shi ne korar kaji. In la'asar ta yi sai ya ƙirga su a fili, ɗaya, biyu, har tara, ya mayar, ya naɗe.

Baba bai taɓa shan taba ba. Ko goro sai an yi suna ko ɗaurin aure.

Mai Hayaƙi wani Anasara ne ɗan Beljik da Baba ya yi wa direba shekara shida, a wani furoje na haƙa rijiyoyi tsakanin Maraɗi da Dakwaro. Ƴan aiki ne suka laƙaba masa sunan, don ko cikin mota abin na bakinsa. A 1999 aikinsa ya ƙare, ya tattara nasa ya nasa. Daren da zai tafi ya miƙa wa Baba akwatin nan. Ni sai bayan shekara huɗu aka haife ni, don haka taban nan sun girme ni. Bara waccan Baba ya rasu, Allah ya jiƙan shi, adaka ta koma ɗakin Inna.

Kafin in ci gaba ku yi mini uzuri, cutar sashenmu ce, ba ma iya wuce abu sai mun tambayi sunansa. Wannan taba ba ta da suna a Hausa. Muna da sigari mai farar takarda, wadda ake saye kara-kara wurin mai tebur. Muna da taba gari da tsofaffi ke haɗawa da kanwa su cusa a leɓe, muna da furen taba da kakanninmu mata ke goge haƙori da shi in sun ci goro. Ita wannan ganye ne zalla aka naɗe cikin ganye, ba takarda, ba auduga. Faransawa na ce mata cigare, daga cigarro na Sifaniyawa. In na rubuta "sigar" za ku zaci siga nake nufi, ta darasin nahawu. To zan ce mata tabar Habana, da sunan babban birnin Kuba inda aka naɗa ta.

Bana nake rubuta memwar ɗina, a kan kalmomin Faransanci da suka zauna daram a bakin direbobi da ƴan kamashon tasha. Aiki ne mai son yawo: tashar Maraɗi, Ƙonni, Tawa, Damagaram. Yana kuma son na'urar ɗaukar magana ta kirki, don salulata in mota ɗaya ta yi ham a kusa, shi ke nan, hirar ta tafi. Na yi lissafi na ga jika ɗari da hamsin za ta fisshe ni. Bursu kuwa kun san halinta, ba ɗalibi ake ba wannan labari ba.

Ina cikin wannan lissafi, wani dare a ɗakinmu na site a Yamai, na ci karo da wani labari a salula. A 2017 an yi gwanjon wani guntun taba da Winston Churchill, tsohon firaministan Ingila, ya sha rabi ya bari a filin jirgin sama na Paris a 1947. Guntu fa, wanda ya sha yawu. An sayar da shi a Boston sama da dala dubu 12, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta faran biyar ba. Wajen miliyan bakwai na sefa ke nan. Sai ga ni zaune tsakiyar gado. Mu tara gare mu, cikakku, ba wanda ya taɓa kai su baki.

Da aka ba da hutu na hau kar zuwa gida. Kwana biyu ina fakon Inna. Ran na uku ta tafi barka, na kulle ɗaki, na buɗe adaka.

Duk shekarun da na yi ina korar kaji ban taɓa karanta akwatin ba. A murfi an rubuta Partagás. A kusurwa ɗaya akwai wata koriyar takarda manne, kamar takardar kuɗi, hatimin da gwamnatin Kuba ke sa wa akwatin tabarta tun 1912. Da na kife shi sai na ga layi uku a jikin katakon: Habanos s.a., Hecho en Cuba, Totalmente a mano. Na biyu na nufin an yi ta a Kuba, na uku na nufin da hannu zalla aka naɗa ta. A gefe kuma, da tawada, wasu baƙaƙe bakwai da ba su yi kama da kowane harshe ba: FPG OCSC.

Daren nan ban yi barci ba. Na gano cewa masu tara tsohuwar tabar Habana, kafin su shinshina ta, karatu suke fara yi. Harshen da ke gindin akwati ma shaida ne. Akwatunan da aka yi kafin juyin juya halin Fidel Castro na 1959 da Ingilishi ake rubuta musu cewa a Habana aka yi su, daga baya aka koma Sifaniyanci. Kamfanin Habanos kuwa sai a 1994 aka kafa shi, don haka namu ba zai wuce wannan shekara tsufa ba. Saura baƙaƙen nan bakwai.

Ashe zaurance ne. Daga 1985 zuwa 1998 masana'antun Kuba sun riƙa ɓoye wata da shekarar da aka cika akwati cikin baƙaƙe, mabuɗin kuwa kalma ɗaya ce mai baƙi goma, babu wanda ya maimaitu: NIVELACUSO. N ɗaya, I biyu, V uku, haka har S tara, O kuma sifiri. Kusan abin da malaman zaure ke yi a hisabi, inda alif ke tsayawa ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Na ɗauko kaye da bik. O sifiri, C bakwai, S tara, C bakwai: 0797. Watan bakwai, 1997. FPG kuma Francisco Pérez Germán ne, sunan da aka sa wa masana'antar Partagás bayan gwamnati ta karɓe ta, ita da wani mutumin Sifaniya, Jaime Partagás, ya kafa tun 1845. Wallahi daren nan na ji daɗin karatuna fiye da ranar da aka kira sunana a sakamakon bak. Shekara ashirin da wani abu akwatin na magana a gidanmu, sai yau aka sami mai amsa masa.

Daɗin bai kai asuba ba, don da na ƙara karatu sai na ga a duniyar masu tarawa namu yaro ne. Manyan su ne waɗanda aka naɗa kafin Fabrairun 1962, watan da Shugaba Kennedy ya haramta shigar da kayan Kuba Amurka. Sakataren watsa labaransa, Pierre Salinger, ya ba da labari da bakinsa cewa shugaban ya aike shi ya sayo masa tabar Habana, ya samo kara 1,200, sannan aka sa wa dokar hannu. Shugaba ke nan, ya cika rumbunsa kafin ya rufe kasuwa. Duk tabar da aka yi kafin dokar ba ta shiga haramcin ba, kuma kowace shekara tana ƙara ƙaranci, don duk wanda aka kunna ya tafi ke nan. Bayan su sai na Davidoff da Dunhill da aka naɗa a Kuba kafin kamfanonin biyu su daina aiki da tsibirin wajen 1991. Sunayen na nan har yau, amma waccan tabar ba za a ƙara yin ta ba. Sai can ƙasa irin namu, masu shekara ashirin ko talatin, waɗanda su ma in suna da lafiya ana biyan su fiye da sababbi. Babbar kasuwar abin a Landan take. Can akwai kantunan da mutum zai sayi akwati ya bar musu ajiya shekara da shekaru, suna kula masa da shi.

Da farko dariya abin ya ba ni. Mutum ya zuba miliyoyi kan abin da in ya more shi ya zama toka, in bai more shi ba ya zauna cikin duhu. Sai na ɗaga kai na ga jeren kwanonin Inna a bango, tun na aurenta, waɗanda ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba, kuma duk mai son ganin ɓacin ranta ya ce a sayar da ɗaya. Na bar dariyar.

Kashegari bayan isha'i na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Inna, akwatin nan na Mai Hayaƙi, kin san kuɗi ne?"

"Wane kuɗi? Ajiya ce."

"Shekara ashirin da biyar, Inna. Mutumin nan ƙila ma ba shi da rai."

"In ba shi da rai yana da ɗiya."

Na ce ta faɗa mini daidai abin da ya ce wa Baba daren da ya ba shi. Inna ba ta yi lakwal ba, amma kalma biyun nan ta riƙe su, don Baba ya sha maimaita su. Ta ce: "Cewa ya yi, gardi sa."

Garde ça. Na kusa tashi in yi guɗa. Ku da kuka sha Faransanci tun aji ɗaya kun san garder fuska biyu gare shi. In ka ce wa mai butik gardez la monnaie, ka bar masa canjin ne har abada. In kana son a adana maka abu ka dawo ka karɓa, sai ka ce garde-moi ça, ka sa "mini" a ciki. Anasaran bai sa ba. Mu a Hausa kyauta daban, ajiya daban, aro daban, jingina daban, ba mai haɗa su ko cikin magagin barci. Shi kuwa kalma ɗaya ya jefa ya hau jirgi. Na zauna na yi wa Inna lacca kamar ina gaban juri: kyauta ce, Baba ne bai gane ba, akwatin namu ne, gado ne.

Ta bar ni har na ƙare. Ba ta daina ɓarar gyaɗarta ba.

"Ke kin hi mahaihinki jin Nasaranci? Shekara shidda suna cikin mota guda."

Na yi shiru.

"In kyauta ce, mi zai sa ya ba mutumin da ya san ba ya sha? Agogo na hannunshi, rediyo na ɗakinshi. Ya rasa abin ba shi sai taba?"

A aji na biyu an koya mana cewa ma'anar zance ba cikin kalmomi kaɗai take ba, sai an duba wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, a ina, da abin da suka sani game da juna. Na sami maki mai kyau a wannan darasi. Ga shi mace mai ɓarar gyaɗa ta kayar da ni da shi. Har yau ina ganin nahawu na gefena. Mutum mai haɗa kaya cikin gaggawa kan miƙa abin da ya rage ga wanda ke kusa, ba tare da dogon tunani ba. Amma na fara zargin cewa Baba ya ji fuskokin biyu sarai, ya zaɓi wadda in ya yi kuskure a kanta ba zai ci haƙƙin kowa ba.

Ta ƙara da cewa: "In ma kyauta ce, ɗiya mace za ta shiga cinikin taba? Mi za a ce da mu cikin unguwa?" Wannan ban amsa ba, don ni kaina tambayar halaccin kuɗin na ɗan sosa mini rai, ina ture ta gefe.

Da na ji magana da labarin ya tsaya nan. Ban ji ba. Na ce ai tambaya ba sayarwa ba ce. Wata ƙawata ta sashen Ingilishi ta gyara mini wasiƙa, na haɗa da hotuna na aika wa wani dillalin tsohuwar taba a Landan. Bayan kwana huɗu ya amsa, cikin ladabi. Ya ce hatimi da baƙaƙe sun yi daidai da zamaninsu, karatun da na yi wa OCSC ma daidai ne. Sannan ya yi tambaya ɗaya: yaya aka adana su duk shekarun nan?

A nan na gane abin da ake saye. Ganyen tabar Habana yana da wani mai a jikinsa, shi ke ɗauke da ƙamshi da ɗanɗano, shi ne kuma ke gyaruwa a hankali in shekaru na tafiya. Don kada man ya gudu, ana ajiye ta cikin akwati na musamman mai riƙe laima, inda danshin iska ke tsayawa tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 21, dare da rana, rani da damina. In danshi ya yi yawa ta yi fumfuna. In zafi ya yi yawa wani ɗan ƙwaro ya ƙyanƙyashe a ciki ya huda ta kamar yadda ake huda wake a rumbu. In ta bushe ƙarau, man ya tafi. Shi ya sa mai saye ke son sanin hannun da ta bi ɗaya bayan ɗaya, da ɗakin da ta kwana. Kara biyu daga masana'anta ɗaya, wata ɗaya, ɗaya ya yi kuɗin babur, ɗaya ko kyauta ba a so. Bambancinsu mai ajiya.

To mu fa? Maraɗi, inda bazara ke haura digiri 40, inda hunturu ke tsaga leɓe da diddige. Adakar ƙarfe, cikin ɗaki mai rufin kwano. Na daɗe ina kallon salula. Ƙawata ta ce in rubuta cewa a wuri mai sanyi aka ajiye su, ai ɗakin Inna ya fi tsakar gida sanyi. Ban iya ba. Na rubuta gaskiya, har da shanyar da ake yi musu kowace shekara, daga hantsi zuwa la'asar.

Amsarsa ta biyu gajera ce. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba za su shiga kasuwa ba. Akwatin shi kaɗai kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya shawarce ni kada in sayar wa duk wanda ya zo, don masu jabu na neman akwatunan gaske su cika su da tabar banza. Ya ce ana iya mayar wa busasshiyar taba ruwa, amma ƙamshin da ya tafi ba ya dawowa.

Na karanta, na sake karantawa, sai na ga Baba durƙushe kan tabarma yana jera su ɗaya-ɗaya, yana juya su don kowane gefe ya sami rana. Abin da ya sani ke nan. Haka ake tsare hatsi, haka ake tsare tufafi da littattafai a ƙasarmu, maƙiyin ajiya a wurinmu danshi ne da gara. Da ya yi sakaci ya manta da su a wani lungu mai laima kusa da randa, ƙila da sun fi haka rai. Shekara ashirin da ƴan kai bai tsallake shanya ko ɗaya ba.

Amma kunnen mai neman kuɗi rabin magana yake ji. "Ana iya mayar mata ruwa" kaɗai ya zauna mini. Na zare kara ɗaya, na sa cikin kwano tare da jiƙaƙƙen tsumma, na rufe, na tura bayan randa. Kwana biyu ban taɓa ba. Ran na uku na buɗe, na tarar ya tsage daga wuya har gindi, ganyen waje ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na cikin ya sha ruwa ya kumbura, na wajen, da yake siriri ne kuma ya bushe, ya kasa ɗauka. Daga baya na karanta cewa masu abin makonni suke ɗauka, wani lokaci watanni, suna ƙara danshin kaɗan-kaɗan. Na kai shi hanci. Ba abin da na ji sai warin adaka da kafur da tsohon rawanin Baba.

Na yi tunanin jefa shi masai in yi shiru. Sai na tuna ana ƙirgawa.

Na same ta bayan sallar asuba, tana kan tabarmar salla. Na durƙusa na faɗa mata na buɗe adaka, na ɗauki hoto, na rubuta wa wani Anasara, na ɓata kara ɗaya. Na shirya wa faɗa. Ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ja carbinta har ta kai ƙarshe.

"Nawa sunka rage?"

"Takwas, Inna."

"Tara ne. Kawo hwasasshen."

Na kawo. Ta sa na yago takarda daga kayena, ta naɗe shi a hankali, ta ɗaure da zare, ta mayar da shi gurbinsa cikin ƴan'uwansa.

"In ya zo, ke za ki yi mishi bayani."

Akwai abu ɗaya da ban faɗa mata ba, shi ne maganar rana. Na buɗe baki sau biyu, na rufe. Ban ga yadda zan ce wa matar da ke takaba a zuciyarta har yanzu cewa hannun mijinta ne ya kashe abin da ya fi kowa tsarewa ba. Ban tabbata shirun nan daidai ne ba. Wata rana nakan ga tausayi ne, wata rana in ga tsoro ne kawai.

Kafin in koma Yamai ta ce tunda salular nan tawa ta iya kai wasiƙa Landan, in nemo mata Mai Hayaƙi ko ɗiyansa. Na zazzage takardun adaka kaf. Sunan furoje na nan, amma an daɗe da rufe shi. Inda ya sa hannu kuwa wani zane ne kamar sawun kaza, ko baƙin farko ban iya fitarwa ba. Na tambayi tsofaffin abokan aikin Baba biyu da suka rage, duka Mai Hayaƙi suka san shi. Ɗaya ya ce yana da gemu.

Ranar tafiya ta damƙa mini jika ashirin daga kuɗin adashinta. Da su na yi tashar Maraɗi da ta Ƙonni, da salulata mai tsoron ham. Tawa da Damagaram sai abin da Allah ya yi. Na ƙara tambaya ɗaya cikin takardar tambayoyina, wadda malamina bai san dalilinta ba: in maigida ya miƙo maka abu ya ce garde ça, me ya ce? Wani tsohon direban tirela a Ƙonni ya dube ni ya ce: "Ɗiyata, wane maigidan?"

Makon jiya Inna ta kira ni, ina fitowa daga aji. Ta ce ruwa ya ɗauke, jiya ta yi shanyar adaka, rana ta yi kyau bana. Ta ƙirga, tara cif.

Na ce: "Madalla, Inna. Wa ya kore miki kaji?"

Ta ce ƴar wajen Yaya ce, amma ba ta iya ba, wasa ya yi mata yawa.